Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Layin Asibiti Ba Ya Tafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Na kai mahaifiyata wani asibiti tun bayan sallar asuba, amma ba mu ga likita ba sai bayan azahar, kuma an shigar da waɗanda suka zo bayanmu. Shin wannan ba son kai ba ne? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ba Mama lafiya. Ba lallai ne son kai ba, domin ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da ita ita ce a tantance marasa lafiya tun daga ƙofa, a fara da mai jijjiga, ko mai zubar jini, ko wanda numfashi ya gagare shi, ko da shi ne ƙarshen zuwa.

Sai dai yawancin jiran, a ganina, ba a ƙofar likita yake ba. Yana wajen yankar kati, da neman fayil, da biyan kuɗi, da karɓar sakamakon gwaji, inda mutum ɗaya kan bi layi huɗu a yini guda. Da za a raba wa masu hawan jini da ciwon suga ranaku da sa'o'in zuwa, a kuma adana bayanai a kwamfuta, da cunkoson safiya ya ragu ƙwarai, musamman da damina lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakunan yara.

Idan ciwon Mama ba mai tsanani ba ne, ki fara da asibitin sha-ka-tafi na unguwarku, kuma ki riƙe katinta da kwalayen magungunan da take sha.