Baba Ya Ƙi Tiyata, Ko Za Mu Sa Hannu a Madadinsa?

Tambaya: Malam, mahaifinmu shekararsa 84, muna wani ƙauye a ƙasar Ringim. Kumburi ya fito masa a gaban kunne, muka ɗauka hangum ne, har baki ya fara karkacewa. A asibitin Malam Aminu Kano aka tsotsi ɗan nama da allura, aka ce daji ne a inda yawu ke fitowa. Likitoci sun ce tiyata, shi kuma ya ce a ƙyale shi. Yayanmu ya ce mu sa hannu kawai, wai ƙin magani kisan kai ne.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Halaccin magani ba a saɓa a kansa ba. Abin da hukunci ya rataya a kai shi ne hankalinsa. Wanda ya saurari likita ya ce a ƙyale shi, hankalinsa na nan, don haka sa hannunku ba ya tsayawa a madadin nasa. Majalisar Fiƙihu ta Jidda, wadda ta haɗa malaman ƙasashen Musulmi, ta shardanta izinin majinyaci mai hankali tun 1992.

Maganar yayanku kuwa kuskure ce. Mai kashe kansa shi yake jawo mutuwar da hannunsa, Baba bai jawo komai ba. Masu wajabta magani ma suna nufin wanda warakarsa ta kusa tabbas, kamar ɗaure jijiyar da ke zubar da jini. Tiyatar Baba kuwa aiki ne kusa da jijiyar da ke motsa fuska, ga allurar barci a jikin tsoho, wataƙila kuma gashin dajin da na'ura ya biyo baya, mai busar da baki. Kuma Annabi (SAW) a jinyarsa ta ƙarshe ya hana a ɗura masa magani, da aka ɗura bai yarda da abin ba. Wa zai kira wannan kisan kai?

Sai dai, ɗana, ka zauna da shi ku biyu. Tsofaffinmu kan ce "a ƙyale ni" alhali gudun a sayar da gona suke yi, ko sun ji ana cewa daji ba ya son ƙarfe. Wannan camfi ne. In shi ne dalilin, ku mayar da shi likita ya yi masa bayani da Hausa, tsufa kaɗai ba ya hana aiki.

In ya dage, ku karɓo masa maganin raɗaɗi, kada kowa ya kai shi sakiya wurin wanzami. Azumi in ya gagare shi, ku ciyar. Allah ne mafi sani.