Na zaɓi ƙarfe 10, fom ya nuna 11

Ɗan'uwa, ka ce mai cika fom a Kano ya zaɓi ƙarfe 10, saƙon tabbatarwa ya nuna 11. Akwatin datetime-local, wato wurin zaɓar lokaci a fom, rana da awa kaɗai yake aikawa, kamar 2025-03-28T10:00, babu yankin lokaci (timezone). Sabarka (kwamfutar da ke karɓar fom ɗin) ta ɗauke shi a matsayin UTC, wato lokacin da duniya ke auna sauran lokuta da shi, Najeriya kuwa tana gaba da awa 1.

Ka ɗauko sunan yankin da umarnin JavaScript na Intl.DateTimeFormat().resolvedOptions().timeZone, zai ba ka Africa/Lagos, ka aika shi a ɓoyayyen akwati. Don Allah ka adana sunan, kada ka tsaya ga +1, wato bambancin awa da UTC. Mu ba ma juya agogo, amma Ingila tana ƙara awa a Lahadin ƙarshe ta Maris, ta mayar a ta ƙarshen Oktoba. Shi ya sa lokacin da bai zo ba tukuna yake buƙatar sunan yankin; abin da ya riga ya faru kuwa, UTC ya ishe shi.