Wai Zara tauraruwa ce ko kuwa?

Tambaya: Salam Malam, don Allah ina da tambaya. Na lura taurari suna walwali kamar masu ƙifta ido, amma ita Zara haskenta tsaye yake cak, kuma duk ta fi su haske. Me ya bambanta ta da sauran?

Amsa: Wa'alaikumussalam, gaskiya na ji daɗin tambayar nan malama, don ba kowa ke ɗaga kai ya lura ba. To ai Zara ba tauraruwa ba ce, duniya ce irin tamu da ke kewaya Rana, ita ce masana ke kira Venus. Ba ta da hasken kanta, hasken Rana ne ke dukan gajimaren da ya lulluɓe ta ya dawo mana. Gamzakin asuba ma ita ce fa, da yake ta fi mu kusa da Rana ba ta yin nesa da ita a sama, ko dai ki gan ta yamma bayan magariba ko gabas kafin gari ya waye.

Maganar walwali kuwa nisa ne ya jawo. Haske yana gudun kilomita kusan 300,000 a sakan ɗaya, daga Rana zuwa nan kilomita miliyan 150 ne, minti 8 da ɗoriya ya iso, amma tauraruwar Proxima Centauri, wadda in ban da Rana ita ce tauraruwar da ta fi kusa da mu, sai haskenta ya yi shekara 4 da 'yan watanni a hanya, Sirius da ta fi kowace tauraruwa haske da dare kusan shekara 9, wato hasken da ya taso tun tuni kike gani. Saboda nisan nan tauraruwa ɗigo ɗaya tak take zuwa idonki, iska mai zafi da mai sanyi da ke motsi a samanmu sai ta riƙa karkata hasken nan da can. Zara kuwa tana kusa, tana da ɗan faɗi ko da ido bai gane ba, shi ya sa iskar ba ta iya girgiza haskenta sosai.

Tambaya: Malam, taurarin da ke faɗowa da dare ina suke sauka?

Amsa: Ba taurari ba ne ɗan'uwa. 'Yan tsakuwoyi ne, wasu ba su wuce ƙwayar yashi ba, suna shigowa iskar duniya da mugun gudu sai su ƙone tun suna wajen kilomita 100 a sama. Rana ita ma tauraruwa ce, faɗinta ya ninka na duniyarmu sau 109, to ka ga abu irin wannan ba shi da wurin sauka a nan.