Me ya hana Kusuri zama birni a takardar gwamnati?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kusuri, ina kai kaya Njamena ta gadar Ngeli. Kwanan baya musu ya kaure tsakanina da wani abokin cinikina ɗan Garwa. Ya ce garinsu birni ne a wurin gwamnati, namu kuwa gari ne kawai, tunda su suna da magajin birni, mu ba mu da shi. Na ce ya zo ya ga jama'a da tireloli tukuna. Don Allah mutum nawa ake buƙata kafin a kira gari birni? Kuma in an ba gari wannan matsayi, ana iya ƙwacewa?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka. A takarda abokinka ne da gaskiya. Sai dai tambayarka ta "mutum nawa" ba ta da amsa, domin a Kamaru ba da ƙirga kawuna ake ba da wannan matsayi ba.

A bakin kakanninmu birni shi ne garin da ke da ganuwa da ƙofofi da sarki. Ko mutanensa ba su kai na wata babbar unguwa ta yau ba, birni ne. Ma'aikatan ƙidaya suna da nasu ma'aunin, kuma a wurinsu Kusuri ta daɗe da fita daga sahun karkara, tunda ita ce hedikwatar sashen Logon da Shari, mazaunin perefe, wato shugaban sashe. Abin da mutumin Garwa yake tinƙaho da shi wani abu ne dabam, wanda takardun gwamnati ke kira communauté urbaine, mu ce hukumar birni. Komin, wato ƙananan hukumomi, 360 ne a ƙasar nan, amma hukumomin birni 14 ne kacal.

Duwala da Yawunde ne suka fara samu a 1987. Suka zauna su biyu har shekara ashirin, sai a watan Janairun 2008 shugaban ƙasa ya ƙara garuruwa 12 a lokaci guda. Uku ne daga arewa: Garwa, Marwa da Ngawundare. Yanzu duba alƙaluman ƙidayar 2005, wadda aka yi gab da wannan rabo. Kusuri tana da mutum wajen 89,000. Kiribi ba ta wuce 60,000 ba, Ebolowa kuma wajen 65,000, amma duka biyun sun shiga, Kusuri ta tsaya a waje. In ka ce ai Ebolowa hedikwatar yanki ce, sai in tuna maka da Buya. Ita ce hedikwatar yankin Kudu maso Yamma, gwamna a can yake zaune, amma ba ta da hukumar birni, alhali Limbe da Kumba da ke ƙarƙashinta suna da ita. To ka ga ba yawan jama'a ba ne, ba kuma gidan gwamna ba ne.

Abin da doka ta ce gajere ne. Kundin ƙananan hukumomi na 24 ga Disamba 2019, kamar dokar 2004 da ya gada, ya ce shugaban ƙasa yana iya ɗaga wasu manyan garuruwa zuwa hukumar birni saboda yanayinsu na musamman. Bai sa adadin mutane ba, bai sa yawan harajin da gari zai tara ba. Kalmar "na musamman" kuwa faɗi gare ta kamar babbar riga, duk wanda aka so sa wa za ta shige shi. A ganina nan ne raunin tsarin yake, domin gari ba shi da wani ma'auni da zai cika ya ce ga hakkina. Sai dai 'yan majalisa da manyan gari su yi ta kai kuka Yawunde.

Sharaɗi guda ne a rubuce ƙarara, kuma shi ne ya tare Kusuri: dole hukumar birni ta ƙunshi komin biyu ko fiye. Shi ya sa kafin rabon 2008, a watan Afrilun 2007, aka fara tsaga garuruwan. Garwa ta zama Garwa ta ɗaya, ta biyu, ta uku, kowace da sufirefe, wato shugaban gunduma, da magajin garinta, haka Marwa, haka Ngawundare. Bayan an tsaga sai aka ɗora hukumar birni a kansu kamar jinka a kan ɗaki. Kusuri har yau komin ɗaya ce, babu abin da za a ɗora wa jinkar.

Kada kuma ka ɗauka matsayin duk riba ne. Hukumar birni ita ke ɗaukar manyan tituna, magudanan ruwa, fitilun titi, kwasar shara, tsarin gine-gine, da manyan kasuwanni da tashoshin mota. Waɗannan na ƙarshe su ne wuraren da kuɗi ke shigowa. Magajin garin da a da yake karɓar kuɗin rumfa da na tasha sai ya wayi gari an bar masa takardun haihuwa da ɗaurin aure da ƙananan lunguna, yana jiran kasonsa daga sama. Rigimar wa ke da wace kasuwa tsakanin hukumar birni da komin-komin ɗinta ba baƙon abu ba ce. Kai ɗan kasuwa abin da za ka fara gani shi ne masu rasit sun zama kashi biyu. Amfanin da ba a musu a kansa shi ne gari yana samun baki ɗaya wajen neman manyan ayyuka, kuma ana tsara ruwa da hanya ga garin gaba ɗaya, ba unguwa-unguwa ba. Ga gari irin naku da Logon ke cika ya shiga gidaje, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shi magajin birnin da abokinka ke faɗa ma sabon abu ne. Kafin 2020 wakilin gwamnati ne ke riƙe da birni, shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, ko da 'yan adawa ne suka ci zaɓen garin. Kundin 2019 ya soke wannan kujera, ya ce kansilolin dukkan komin na birnin su taru su zaɓi magaji. Aka fara aiki da haka bayan zaɓen 9 ga Fabrairu 2020. Amma an haɗa da sharaɗin cewa sai ɗan asalin yankin. Wannan ya shafe mu kai tsaye: Bahaushen da aka haifi kakansa a unguwar Birketeri ta Yawunde zai iya zama kansila, amma kujerar magajin birni wata magana ce.

Batun ƙwacewa kuwa, alƙalamin da ya rubuta yana iya sokewa, kuma doka ta ba shugaban ƙasa ikon rushe majalisar gari in ta kasa aiki. Amma tun 1987 babu ko ɗaya cikin 14 ɗin da aka sauke. Garuruwa kan yi asara ne ta wata hanya, a bar musu suna a ɗauke musu kujera. Tunda ɗan Garwa ne ya tsokane ka, ga abin da za ka mayar masa. Zamanin Ahmadu Ahijo, wanda ɗan garin ne, Garwa ce hedikwatar arewa kakaf, daga Adamawa har bakin tafkin Chadi, Kusuri ma can take kai gaisuwa. A watan Agustan 1983 aka raba lardin gida uku, Marwa da Ngawundare suka sami nasu gwamnonin, Garwa ta koma riƙe da tsakiya kawai. Ba wanda ya cire mata komai daga sunanta, amma ofisoshi da ma'aikata da masu zuwa neman sa hannu sun ragu. Buya ma haka: ta yi zama fadar Jamusawa, ta zama babban birnin Kamaru ta Yamma daga 1961, sai aka rushe tsarin tarayya a 1972. A tsallaken kogi kuma, can gabashin Chadi, akwai Wara, tsohuwar fadar sarakunan Wadai. Rijiyoyi suka ƙafe a ƙarni na 19, sarki ya kwashe fada ya koma Abeshe, yau kango ne ake zuwa kallo.

Don haka in kana son sanin ko Kusuri ta kama hanya, kada ka tsaya ƙirga tireloli a Ngeli. Ka kasa kunne ga rediyon ƙasa ranar da za a karanto sababbin gundumomi. In ka ji an ce Kusuri ta ɗaya da Kusuri ta biyu, sai ka buga wa mutumin Garwa waya.