Tambaya da Amsa: Me ya sa jarida ke buga labarin kamu, ta yi shiru ranar da kotu ta wanke mutum?

TAMBAYA: Malam Edita, bara wata jaridar yankinmu ta buga suna da hoton ƙanena bisa zargin sata, amma da kotu ta wanke shi ko layi ɗaya ba ta rubuta ba, kuma har yau duk wanda ya nemi sunansa a intanet labarin kamun yake fara gani. Shin haka aikin jarida yake?
Daga wata mai karatu.

AMSA: Malama, Allah Ya ba ku haƙuri. Abin da ya sami ƙanenki ya samo asali ne daga yadda labarin laifi yake isa hannun ɗan jarida. Ranar kamu, kakakin 'yan sanda ne yake fitar da sanarwa ɗauke da suna da shekaru da hoto da jerin kayan da aka ce an samu, wakili kuma ba ya shan wata wahala kafin ya mai da ita labari. Shari'a kuwa sai an bi ta da ƙafa: mutum ya zauna a benci tun safe, a kira ƙara, lauya ya nemi a ɗage, a sa wata rana, ranar ta zo a tarar shaida bai halarta ba. Ƙaramar jarida mai wakilai biyu ko uku ba ta da wanda za ta ajiye a kotu wata da watanni, ranar sallama kuma babu mai kiran taron manema labarai. Wannan dalili ne, amma a ganina bai kai uzuri ba, domin wanda ya fara ba da labari da sunan mutum, shi ke da alhakin faɗin yadda ya ƙare.

Sashe na 11 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1948 ya tanadi cewa duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar da laifinsa a gaban shari'a. Editoci sun san da haka, shi ya sa suke cusa "wanda ake zargi" a cikin labari, alhali a kanu sun riga sun rubuta "An cafke ɓarawo", kuma kanun ne mai karatu yake riƙewa.

Wasu kafafen sun fara gyara. A 2021 kamfanin dillancin labarai na AP da ke Amurka ya daina ambaton sunan waɗanda ake zargi da ƙananan laifuffuka idan da wuya ya bi shari'ar har ƙarshe, kuma a shekarar ce jaridar Boston Globe ta buɗe wa mutane ƙofar neman a sake duba tsofaffin labaran da ke bin su. A Jamus da Holan kuwa jaridu sun daɗe da sabawa da rubuta sunan farko na wanda ake zargi da harafin farko na sunan danginsa kawai.

Shawarata ita ce ku karɓi kwafin hukuncin mai hatimin kotu, ku rubuta wa editan takarda kuna neman ya buga sakamakon shari'ar, ya kuma liƙa shi a saman tsohon labarin da ke intanet. Idan ya yi burus, ku kai koke ga majalisar da ke sa ido kan jaridu, sannan ku nuna wa lauya kanun labarin, domin faɗin cewa an kama mutum ba kasafai yake zama ɓata suna ba, amma kiransa ɓarawo kafin hukunci magana ce daban.