Amsa ga takwarana kan kai kare iyo

Takwara, saƙonka ya iso. Ƙanwarka ce ta karanta mini shi bayan la'asar, ita ce kuma ke danna wannan amsa, don ni da waya sai a hankali. Ka ce ka samo ɗan kare don gadin lambun albasarka, kana so ka riƙa kai shi bakin Binuwai da kududdufan bayan Garwa ya yi iyo, kamar yadda kake ganin Turawa a waya suna jefa sanda kare ya faɗa ruwa ya ɗauko. Mahaifiyarka ta hana, ta ce a gidanmu ba a barin kare ya shiga ruwa. Shi ne kake tambaya, addini ne ko camfin tsofaffi?

Wato ɗan nema, ƙarar 'yata ka kawo mini. To zauna ka ji.

Na addini gajere ne. Abin da muka ji a zaure, mu mabiya Malikiyya, kare mai rai jikinsa ba najasa ba ne, amma in ya sa baki a ƙwaryar ruwa sai a zubar a wanke ta sau bakwai. An yarda a ajiye shi don farauta da kiwo da gadin gona. Ka kuma san labarin mutumin da ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Don haka ba wanda ya ce ka bar dabba da ƙishi.

Camfi kuwa, akwai shi, ba zan ɓoye maka ba. Mu ma an ce mana mai ruwa yana jan baƙin kare da tsakar rana, ya haɗa da yaron da ya biyo shi. Yaro ba ya jin "za ka yi ciwo baɗi", dodo yake ji. Amma Baba, Allah ya ji ƙansa, ba don dodo ya kafa dokarsa ba. Karnukan farautarsa uku ne, kaskonsu na gindin tsamiya, kuma ba a fita daji sai an cika shi da ruwan rijiya sun sha sun ƙoshi. Tafkin da mata ke ɗiba kuwa, kare bai isa ya taka shi ba. Ranar da na bar ɗaya ya shiga, tsumagiya ce ta yi mini bayani.

Baba bai san sunan ƙwayar cuta ko ɗaya ba, amma ya san kurkunu. Ku yaran yanzu sai dai labari. Ina saurayi ya fito mini a idon sawu, daidai lokacin noman farko. Ƙurji ne mai zafi kamar an ɗora garwashi, ya fashe, wani farin zare ya leƙo. Kullum da safe inna ta naɗe ɗan abin da ya fito a jikin tsinke, kaɗan-kaɗan, tana cewa kada in motsa, don in ya tsinke ƙafa ta kumbura ke nan. Sama da wata guda ina kwance, gonata ta zama ta ciyawa. Tsutsar takan kai mita guda, kuma har gobe ba ta da magani ba ta da rigakafi.

Dabararta ita ce wannan zafin. Mai ciwo ya tsoma ƙafa a ruwa don ya ji sanyi, ita kuwa ta saki 'ya'yanta dubbai. Wasu 'yan ƙwarin ruwa masu kama da ƙuma, waɗanda da ƙyar ido ke gani, su haɗiye su. Duk wanda ya sha ruwan ba a tace ba ya ɗauka, ba zai san komai ba sai bayan wata 10 zuwa 14. Lokacin da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya sa cibiyarsa yaƙi da cutar a 1986, mutum wajen miliyan uku da rabi ke kamuwa a shekara. A 2023 mutum 14 kacal aka samu a duk duniya, 9 daga cikinsu a Chadi. Kamaru ma tun 2007 aka ba ta shaidar rabuwa da ita.

Me ya hana ta ƙarewa? Karnuka. Tun 2012 aka fara ganinta a jikinsu a ƙauyukan masunta na bakin kogin Shari, har a 2019 aka ƙirga kare kusan dubu biyu a Chadi. Ta kuma ɓullo mana nan gefenmu, wajen Gere, ba nisa da Yagwa, inda kogin Logon ne kawai tsakaninmu da Chadi, mutane da dabbobinsu na ƙetarawa safe da yamma. Na ga wani kare a bakin ruwa yana ɗingishi yana lasar dagi, da aka ɗaga ƙafar sai ga farin zaren nan tsakanin yatsunsa, irin nawa sak. Karen da ke wannan hali in ya faɗa tafki, ya shuka wa gari ciwon baɗi. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna cewa a ɗaure karnuka a lokacin da cutar ke fita, suna zuba maganin Abate mai kashe ƙwarin ruwan nan a tafkuna.

A nan kuma dole in faɗi laifinmu. Shekarun da na yi ina fataucin banda tsakanin Maga da Kusuri da Marwa, in ana gyaran kifi, hanjin karnuka muke watsa wa, muna ganin sadaka muka yi. Ashe ɗanyen kayan cikin kifi da kwaɗi suna cikin hanyoyin da ake zargin kare na ɗauka. Yanzu rami ake haƙawa a binne, ko a ƙone. Wannan al'ada tamu ce, amma ba zan kare ta ba.

Ku a Garwa abin da ya fi kusa da kai shi ne kududdufi. In bazara ta yi ruwa ya tsaya ya yi ɗumi, za ka ga samansa ya yi kore shar kamar an zuba fenti, yana wari. Wani irin gansakukan yana da guba mai cin hanta ko jijiyoyi, kuma da ido ba ka bambanta mai gubar da marar ita. Ina da wani kare Duna, ya kuɓuce mini da hantsi ya faɗa irin wannan ruwa, ya fito ya zauna yana lashe gashinsa. Kafin azahar yana amai yana dalala, ƙafafun baya sun ƙi ɗaukarsa. Bai ga magariba ba. Maƙwabci na zarga da sa masa guba, har muka yi shekara ba ma gaisawa, Allah ya yafe mini. Sai a 2020 da na ji a rediyo cewa giwaye sama da 300 sun mutu a Botswana, hukuma ta ce gubar irin wannan ruwa ce, jikina ya yi sanyi. Abin da ya kayar da giwa, ina ga ɗan kwikwiyonka? Ga kuma masu feshin auduga da ke wanke tankinsu a kududdufi.

Da damina kuwa fitsarin ɓera ne. Ruwan sama ya wanko shi cikin kwatami da fadama, ƙwayar cutar da ke cikinsa ta shiga ta baki ko ido ko wani ɗan rauni. Kare ya ƙi abinci, ya yi zazzaɓi da amai, idonsa da dasashinsa su yi rawaya kamar mai shawara, ƙoda ta lalace. Tana kuma kama mutum ta fitsarin karen. Wannan tana da allurar rigakafi, ka tambayi likitan dabbobi ranar da ka kai shi allurar haukar kare, wadda ita ma kada ka yi wasa da ita.

Binuwai ba sai na gaya maka ba. Dorina tana nan, kada yana nan, ga ƙugiyoyin mamari da tarun masunta a ƙarƙashin ruwa. Tun da aka gama madatsar Lagdo a 1982, ranar da aka saki ruwa inda ka tsaya jiya iya gwiwa yau ya shanye kai. Kai kanka da za ka bi shi ciki, tsargiya ba ta san kai ɗan birni ba ne.

Ka nemo masa kasko nasa shi kaɗai, ruwan rijiya ko na famfo, ya sha kafin ku fita. In zafi ya dame shi, bokiti biyu a inuwar lambu sun ishe shi. In ya kuɓuce ya faɗa kududdufi, ka ɗauraye shi nan take kafin ya fara lasa, ka tsane masa cikin kunne don kada ya ruɓe, ka duba hanci ko matsattsaku ya maƙale. Ka ga amai ko rawar jiki, kada ka tsaya jiƙa saiwa, ka ɗauke shi sai wajen likita.

In za ka zo Yagwa da salla ka bar shi can, ko ka taho da igiyarsa, don nan ɗaure shi za a yi. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce na ce ita ke da gaskiya. Matar taka tana nan tana cigiyarka, ta ce miji ya samu kare ya manta da cefane. Ni dai na ce mata in ka ƙara wata biyu ba ka zo ba, ta zama tawa ni kaɗai.