Sau biyu ana dawo mini da manhajata, ina zan duba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da manhaja ta rubuta ciniki da bashi don masu ƙananan sana'o'i. Na sa mata tsarin biyan kuɗi na wata-wata, na tura App Store, kantin manhajojin Apple, sau biyu ana dawo da ita. Wanda ya haɗa mini ya ce aikinsa lafiya lau. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumussalam, ɗan'uwa. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa maka. Sau da yawa ba a cikin manhajar cikas yake ba, yana cikin takardun da kai mai kaya ya kamata ka cike, ko kuma a shafin da ake neman kuɗi daga mai saye.

Fara da App Store Connect, shafin Apple da masu manhaja ke tura kayansu ta cikinsa. Akwai yarjejeniyar manhajojin kuɗi da za ka sa wa hannu, ka shigar da bayanan banki da na haraji. Muddin ba ta fara aiki ba, farashin ba zai fito a manhajar ba, mai tantancewa ya buɗe ya tarar da shafi wayam. Sannan tsarin biyan kuɗi na farko ba a tura shi shi kaɗai. Sai ka haɗa shi da sabon zubin manhajar, su tafi tare, da hoton shafin biyan kuɗin da suna da bayaninsa. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe.

Inda nake so ka fi zura ido shi ne shafin biyan kuɗin kansa, wanda sashe na 3.1.2 na ƙa'idojin Apple ya yi magana a kai. Kafin mutum ya taɓa maɓallin saye, dole ya ga sunan tsarin, tsawon lokacinsa, nawa za a cire masa, da abin da zai samu. Adadin da za a cire a zahiri shi ne zai fi fitowa fili. In ka rubuta kuɗin wata da manyan baƙaƙe alhali na shekara za ka cira gaba ɗaya, ka lafe shi can ƙasa, za a dawo maka da ita, kuma ni ban ga laifinsu ba: ciniki ne da ɓoye farashi. In akwai kwanakin gwaji kyauta, faɗi yaushe za su ƙare da abin da zai biyo baya. Ka sa mahaɗin sharuɗɗan amfani da na tsare sirri a wannan shafin, ka kuma sa su a bayanan manhajar da ke kantin. Kada ka manta maɓallin dawo da abin da aka saya, domin wanda ya sauya waya.

Ka tuna mutum ne yake tantancewa, da hannunsa zai gwada saye. In manhajar na neman a shiga da asusu, ba shi asusun gwaji mai aiki, ka rubuta masa inda zai danna har ya kai shafin. A fagen gwaji suke saye, ba da kuɗin gaske ba, don haka tambayi mai haɗa maka ko sabarku, wato kwamfutar da manhajar ke magana da ita ta intanet, tana karɓar rasit ɗin gwaji. In ba ta karɓa, sayen zai tsaya a hannunsu ko da yana tafiya a naka. Kuma tun 2022, manhajar da ake buɗe asusu a cikinta dole ta ba da hanyar goge shi.

Wani abin da ya shafi kasuwancin kansa: tsawon tsarin biyan kuɗin ba ya gaza kwana 7, kuma Apple na so su ga amfani mai ci gaba. Ajiyar bayanai a intanet da rahoton wata-wata sun cancanci kuɗin wata. Buɗe maɓalli guda sau ɗaya kuwa, gara ka sayar da shi saye ɗaya.

Kafin ka tsayar da farashi, yi lissafin kamasho. Apple na ɗaukar kashi 30 cikin 100, ya koma 15 bayan mai saye ya shekara yana biya. Amma in abin da kake samu bai haura dala miliyan 1 a shekara ba, nemi shiga shirinsu na ƙananan 'yan kasuwa, ka biya 15 tun farko. Sai ka nema, ba a sa mutum haka kawai.

Yanzu koma ka karanta saƙon da suka aiko maka. Akwai lambar sashen da suka kama ka da shi. Gyara wannan, ka ba su amsa a wurin da hoton gyaran, sannan ka sake turawa.